Fusae Da Injin Wanke Fitilu

Kafin motar farko ta sauke 'yan yawon buɗe ido a Nara, Fusae Ushijima ta riga ta dama ƙullun shinkafarta. Bokiti a hannu, damin farar takarda a hamata, haka take hawa hanyar haikalin unguwarmu, inda fitilun dutse ɗari shida suka jeru hagu da dama. Aikinta ta liƙe tagar kowace fitila da takarda, kada iska ta kashe wuta ranar biki. Aikin bareyin garin kuwa su cinye takardar. Shekara talatin da huɗu ana wannan zama: ta liƙa, su ci, ta sake liƙawa. Da yake bareyin 'yan aiken alloli ne, babu inda ake kai ƙararsu.

Ba ma'aikaciyar dindindin ba ce. Duk watan Afrilu sai kwamitin raya unguwa ya buga hatimi a takardarta, sannan ta san tana da aikin wata shekara. Mai irin wannan zama yakan koyi kame baki. Fusae ta koya, ta ƙware, har zuwa bara.

Bara ne kwamitin ya gano cewa fitilun da suka shekara ɗari uku sun tsufa. Sabon shugabansa, Hiraoka, wanda ya yi digiri a kan jawo baƙi, ya lura gansakuka ta rufe su, ba sa kyau a hoto. Ya yo hayar injin feshin ruwa. Okuda mai awara, da shagonsa ke bakin hanyar, ya ga abin da ya biyo baya, kuma ya ba ni labarin sau bakwai.

Ya ce da aka tayar da injin, sai ga Fusae ta ajiye bokitinta gaban fitila ta farko, ta tsaya.

"Iya, ɗan matsa mana, kada mu jiƙa ki," in ji Hiraoka.

"Ni na saba da ruwa, Shugaba. Dutsen ne bai saba da irin wannan ba."

"Wanka kawai za a yi masa."

"Wankan da zai tafi da fata?"

Ta nuna masa. A jikin kowace fitila an sassaƙa sunan gidan da ya ba da ita, dutsen kuwa ya yi laushi, ko farce yana kankare shi. Gansakukar ce ke riƙe da rubutun. In aka fesa, datti zai tafi, sunayen ma su bi shi.

Hiraoka ya yi murmushi. "Iya, tsakaninki da fitilun nan ban san wa ya fi buƙatar hutu ba. Afrilu fa ba nisa."

Masu injin suka yi dariya, don shi zai sallame su. Fusae ta ji abin da ake nufi sarai. Ta rusuna har ƙasa, irin rusunawar da ake yi wa manya.

"Gaskiyar Shugaba ce. To, an samo hatimin masu fitilun?"

"Iya, masu su sun mutu tun zamanin takubba!"

"Jikoki dai suna nan. Ni nake aika musu kati duk biki."

Nan ta kama shi. A al'adarmu, fitilar da gida ya ba haikali tana nan da sunan gidan har abada, ba a taɓa ta sai da yardarsa. Kwamiti kuwa yana iya taka dutse, yana iya taka tsohuwa, amma ba ya taka ƙa'ida. Washegari ta kawo masa adireshin gida ɗari biyu da sha ɗaya, ta miƙa da hannu biyu.

Haka Hiraoka ya shiga yawo da kwalin alewa, gida gida. Ko'ina aka tarbe shi da shayi, aka yaba ƙwazonsa, aka ja numfashi aka ce, "Kai, wannan zai ɗan yi wuya." Duk ɗan garin nan ya san fassarar wannan magana. Wata dattijuwa a Osaka ta ce ya dakata ta shawarci maigidanta, ta nuna masa hoton mamacin a kan teburin turare. Gida arba'in da ɗaya ya taka. Babu wanda ya ce a'a, babu wanda ya buga hatimi. Aka mayar da injin inda aka ɗauko shi.

Afrilu ya zo, kamar yadda Shugaba ya yi alkawari. Takardar Fusae ta dawo babu hatimi, tare da wasiƙa mai ladabi ƙwarai, tana nuna damuwar kwamiti game da gwiwoyinta. Ita ce ritayar da kuka ji ana cewa ta yi.

Iya Fusae, ke ce kika san farashin maganarki tun kafin ki buɗe baki, kika kuma buɗe. Mu masu takardun jami'a mun yi taro uku a kan kare kayan tarihi, muka ci abinci mai kyau, muka watse. Ke ce katangar da ba a gina da dutse ba. Ba ki ɗaga murya ba, ba ki zagi kowa ba, da rusunawa kika kayar da inji.

Okuda ya tambaye ta ko tana da-na-sani. Ta ce, "Kai dai ƙara mini awara, ka rage surutu."

Mun gode, Iya, godiyar waɗanda suka yi shiru lokacin da kike magana. Ku kuma masu karatu, kowa yana da abin da ya fi kowa sani a bakin aikinsa, kuma wata rana za a zo masa da inji. Ranar nan ku tsaya yadda ta tsaya. Aikinta ya tafi, amma sunaye ɗari shida suna nan. Mai shakka ya hau hanyar haikali, ya sa yatsa a hankali, ya karanta.