Goro a Madadin Tuwo

Shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Bukar, amma a wurina ya fara tafiya ne tun la'asar ɗin da Inna ta ajiye masa tuwon dawa ya ture akushin. Lokacin muna Fagge, Turawa ba su tafi ba. Ni ina makarantar 'yan mata, shi yana dako a tashar jirgin ƙasa. Gudu ne abinsa. Za a zaɓi masu zuwa tsere Ikko, kuma duk unguwa ta sa masa rai.

Mai horar da su, wani tsohon soja a Sabon Gari da ake kira Saje Tanko, shi ya kafa dokar. Wai ruwa na sa ƙafa nauyi, tuwo kuma na kashe zuciya. Goro kawai za su tauna su yi ta zagaya fili. Bukar fa mutum ne da ke wuni da buhun gyaɗa a ka.

Ba ni da yawan magana, amma na ce, "Yaya, jirgin da kake wa lodi ma sai an ba shi kwal da ruwa."

"Kaltume, koma kan bokonki. Saje ya ga yaƙin Bama. Ke ko unguwar Kwaciri ba ki wuce ba."

Ranar zaɓen yana kan gaba ya kife, leɓɓansa a tsage. Wani aka kai Ikko. Bukar bai ƙara gudu ba, bai kuma taɓa zargin kowa ba. Ni ce na riƙe masa fushin.

Yanzu nakan ga samari a fili kowa da gorar ruwa, ana raba musu ayaba da dafaffen ƙwai. Da Bukar ya gani zai yi dariya ya ce 'yan gata. Bai bar kofin gasa ko hoto ba. Abin da ya rage shi ne 'ya'yansa, waɗanda bai taɓa bari su fita wasa ba su ci ba.

Saje ya zo gaisuwar rasuwar, yana dogara sanda. Na tare shi a soro, ban durƙusa ba.

"Baba, kai da kake tsere a soja, da yunwa kake yi?"

"Tsere?" in ji shi. "Ni ban taɓa tsere ba, 'yar nan. Ai kuku ne ni."