Haulatu Indabawa da Kwamfutar da Ta Koyi Mantuwa

Kafin masu walda na Coal Camp a Inugu su tashi unguwa da ƙararsu, Malama Haulatu Indabawa ta riga ta sauka daga keke a ƙofar ƙaramin laburaren jama'a da ke bayan layin mahauta. Takan buɗe tagogi, ta kaɗe kujeru, ta duba ko akwai wuta. In babu, sai ita da Martina, abokiyar aikinta 'yar Kafanchan, su kama janareta suna ja suna yi masa faɗa kamar yana jin su. Daga nan ta bi kwamfutoci tana kunnawa, kowacce kuwa sai ta leƙa cikinta ta tabbata ba ta riƙe komai na jiya ba. Baƙo yakan ɗauka tsabar sa-ido ne. A ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa na ga ya dace a ji inda wannan ɗabi'a ta samo asali.

A nan Inugu aka haife ta, 'yar wani bafataken shanu daga Kano. Tana jin Ibo, tana jin Turancin buroka, amma in za ta gaida dattijo sai ka rantse jiya ta sauka daga motar Arewa. Da aka kawo intanet laburaren, ita aka ɗora wa rubuta ƙa'idojin amfani da shi. Daftarin da ta tarar ya ce sai mutum ya kawo takardar biyan kuɗin wuta mai sunansa kafin a yi masa rajista. Ta yi dariya, don ta san rabin mutanenmu a ɗakin mai masaukinsu suke kwana. Ta sa aka yarda mai masauki ya tsaya wa baƙonsa, kamar yadda yake tsaya masa a kasuwa. An kuma saita na'urorin su rufe da kansu in an ɗan jima ba a taɓa su ba. Sai ga shi dattijo na tsakiyar aikinsa, aboki ya shigo, a fara da gajiya, a bi ta iyali, a gangara kan labarin gida, kafin a kai ga "madalla" allo ya yi baƙi. Malama ba ta ce a rage gaisuwa ba, lokacin ta ƙara.

Amma abin da ya sa nake jinjina mata ya fi waɗannan nauyi.

Wata Talata, Ramlatu matar Yunus mahauci ta shigo, ta jira har mutane suka ragu, sannan ta matso kusa.

"Malama, akwai wani abu da nake ji a mamana, kamar ƙwallon dabino. Ban faɗa wa kowa ba, ko maigidan. Ki duba min a na'urar nan, amma don Allah ya tsaya tsakaninmu."

Malama ta rubuta mata, shafukan likitoci suka fito da hotunan da ke nuna yadda mace za ta duba jikinta. Ta fassara mata a hankali, ta ce kada ta yi wasa da zuwa asibiti. Ramlatu ta tashi, Malama ta raka ta bakin ƙofa. A lokacin na'urorin ba sa goge komai. Wani saurayi mai tuƙa keke ya zauna a kujerar, ya danna maɓallin komawa baya, hotunan suka bayyana. Bai tsaya karanta Turancin da ke ƙarƙashinsu ba. Kafin la'asar magana ta isa mayanka, wai matar Yunus na zuwa laburare kallon hotunan tsiraici. Cikin mako har wani mai albasa ya kai ta kasuwar Ose a Anacha, ta dawo da ƙari.

Yunus ya zo da kansa, ko rigar aiki bai canza ba.

"Malama, ke kika zauna kusa da ita. Me ta kalla?"

"Malam Yunus, matarka ba ta yi abin kunya ba, wannan zan iya rantse maka. Abin da ya wuce haka amanarta ce, daga bakinta za ka ji."

Ya fita bai yi sallama ba. Ramlatu kuwa tsoro da kunya suka haɗu suka rufe mata baki. Ta san yadda ake kallon mace in an ce tana da ciwon daji, kamar an riga an yi mata sallar gawa. Ta daina fita, ta daina zancen asibiti, aurenta na rawa, abin da ke jikinta kuma ba jira yake yi ba.

Malama ta shiga damuwa ƙwarai. Kalma ɗaya daga bakinta za ta wanke Ramlatu, kuma kalmar nan ita ce aka roƙe ta kada ta furta. Ta same ta har gida, ta zauna a bakin tabarma.

"Ƙanwata, ni ba zan faɗa ba, ko da za a rufe laburaren. Amma surutun mutane ba ya kisa, wannan abin kuwa in an bar shi yana yi. Ki faɗa wa mijinki. Duk ranar da kika shirya, ni zan raka ku."

Ramlatu ta yi kuka.

Dattawan unguwa suka kira zama a laburaren, ƙarƙashin Alhaji Jumare shugaban mahauta. Ba mugunta ta kawo su ba, tsoron lalacewar tarbiyya ne. Suka ce a juya fuskar kowace kwamfuta ta kalli ƙofa, a riƙa ajiye abin da kowa ya duba, mata kuma su daina zuwa sai da rakiya. Malama ta saurara har suka gama.

"Baba Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya. Laifin na laburare ne. Mutum ya zo da damuwarsa, muka bar ta a buɗe wani ya gani. In gobe wani abu ya dame ka a jikinka, ka zo neman bayani, za ka so wanda ya zauna bayanka ya gani?"

Alhaji ya shafa gemu. "To, yaran da za su kalli shashanci fa?"

"Waɗannan shafuka za mu toshe su tun daga tushe. Amma na'ura ba za ta zama 'yar rahoto a kan kowa ba."

Wani daga gefe ya ce duk da haka ta faɗi abin da matar ta duba, a huta. Malama ta sunkuyar da kai, ta ƙi faɗa. Sai aka ji motsin kujera daga baya. Yunus ne ya miƙe.

"Ku ƙyale Malama. Matata ta faɗa min shekaranjiya, yau da safe muka dawo daga asibiti. Addu'arku muke nema."

Babu wanda ya iya kallon ɗan'uwansa. Alhaji Jumare ya ɗaga hannu ya yi addu'a, sannan ya aika a gaya wa saurayin nan ya je ya nemi gafara a gidan da ya ɓata.

Daga wannan zama ƙa'idojin da ake bi yau suka fito. Da zarar mutum ya tashi, na'ura ta goge sawunsa. Kafintocin unguwa suka sa katako tsakanin kujera da kujera. Ma'aikacin da ya rubuta wa wani tambayarsa ya ɗauki amana, mace ita ke taimaka wa mace, kuma ba miji ba uba da za a gaya wa abin da wani ya duba. Martina takan tsokane ta, ta ce, "Abeg, don Allah Malama, kwamfutar nan taki ta fi kakata mantuwa." Ma'aikatan laburare daga Anacha da Fatakwal sun zo sun ga tsarin, sun tafi da shi.

Malama Haulatu, ke ce kika gane cewa ba wayoyi da na'urori ke kawo mutane laburare ba, yarda ce. Ke ce kika zaɓi a zarge ki da taurin kai a gaban iyayenki, da ki tona asirin wadda ta amince da ke. Mai riƙon amana, mun gode, Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa wasu. Duk wanda aka ba rubuta doka a ofis, ko a asibiti, ko a makaranta, ya fara tunanin mutumin da zai shigo a tsorace, kamar yadda kika yi.

An yi wa Ramlatu aiki a kan lokaci. Tana nan da ranta, kowace Talata tana jawo matan layinsu zuwa bayan katakon nan. Ita ta ba ni labarin da bakinta, ta ce in rubuta da sunanta don wata ta daina ɓoyewa. Da na je wurin Malama in tabbatar, na karanta mata abin da na rubuta, ta saurara tana murmushi har ƙarshe.

"Ramlatu ce ta ba ka, labarinta ne," in ji ta. "Ni dai a wurina ba za ka ji ba."