Wilma Caudill, Mai Tsayuwa a Bayan Makaɗa

Kowace Asabar, Wilma Caudill ce ke fara isa tsohon rumbun taba da ke gefen garinmu a duwatsun Kentucky na Amurka, inda makaɗa ke taruwa. Ta share, ta dafa kofi, ta jera kujeru a da'ira, sannan ta rungumi bes ɗinta, ƙaton gogen nan da ya fi ta tsawo, ta tsaya can baya. Shekara arba'in ke nan tana riƙe wa makaɗan bulugiras, kiɗan gargajiyar yankinmu, amo, tafi kuwa na masu banjo ne, wato irin garayarmu.

A gabanta kiɗan ya yi ta sauya riga. Iyayenmu sun yi shi gajere da sauri, tsararmu suka kawo kayan kiɗa masu lantarki, jikoki suka ja shi kamar ba za a tashi ba. Ita dai yatsunta suna nan inda suke.

Bara da'irar ta kusa tsagewa. Shelby, jikar tsoho Delmer, ta dawo daga birni da gogenta, ta ɗauki wani tsohon kiɗa ta yi daji da shi. Delmer ya miƙe ya jawo akwatin banjonsa, sauran tsofaffi suka fara laluben huluna.

"Wannan ba kiɗan ubana ba ne," in ji shi.

A wurinmu kiɗa ba ya ƙarewa sai wani ya ɗaga ƙafa, kuma ba a fita a tsakiyarsa. Wilma ba ta daina kiɗa ba, ta ce:

"Delmer, ni ban ga ƙafar kowa a sama ba. Uban naka ba shi ya kore ka daga rumbun nan ba, ranar da ka zo da sabon salon kaɗa banjo da yatsa uku? Zauna, jikarka na jiranka."

Ya zauna yana gunaguni. Da ya kasa kunne, sai ya ji amon Wilma da ya sani yana nan ƙarƙashin na yarinyar, ya shiga.

Ke ce ginshiƙin rumbun nan, Wilma. Ba ki taɓa cewa wane ya fi wane ba, kin dai riƙe ƙasa kowa ya taka.

Yanzu sanyin ƙashi ya kama yatsunta. Asabar da ta wuce, a karon farko, ita ta ɗaga ƙafa, alamar ta ajiye kiɗa ke nan. Delmer ya dubi Shelby, suka ƙi tsayawa, suna buga amonta da dugadugansu har dukanmu muka kama.

Mun gode, Wilma. Gurbinki na baya yana nan, yana jiran wanda zai zo ya tsaya.