Tozon Juma'a a Firjin Sjoerd

Shekara ashirin da shida Sjoerd Terpstra ya yi yana kula da firjin wani ɗakin binciken kimiyya a birnin Delft, firjin da sanyinsa ya fi na sararin samaniya. Ba shi da digiri. Ɗan mai gyaran keke ne, iliminsa a yatsunsa yake. A cikin firjin masana ke saka wata waya da ta fi silin gashi siranta sau dubu, suna farautar wata mitsitsiyar ƙwayar halitta da ido ba ya gani, wadda suke kira Majorana. Wai rabuwa take biyu, ta laɓe a bakin wayar nan da can, yadda ba abin da zai dagula ta, kuma da ita za a gina kwamfutar da ba ta ɓata lissafi.

Al'adar wurin, duk wanda allon na'urarsa ya nuna alamar ƙwayar, shi zai sayo wa kowa kek ɗin tuffa. Sjoerd kuwa ya gano cewa in ya ɗan sassauta wani noti a bayan firjin, layin allon sai ya yi tozo, sak alamar da ake nema. Ba ya yi sai ranar Juma'a, ita ma ba kowacce ba. In an cinye kek, sai ya goge baki ya ce, "Bari in leƙa bayan nan." Ya ɗaure noti, tozo ya ɓace.

Farfesa Liesbeth, shugabar ɗakin, ce ta farga. Ta same shi yana cin burodi da cuku.

"Sjoerd, ƙwayar nan tamu kalanda take dubawa ne? Sau bakwai, duk Juma'a."

"Ƙila ita ma ɗokin hutun ƙarshen mako take, Farfesa."

"Kuma ba ta fitowa in ka tafi kamun kifi."

Ya ci gaba da tauna, kunnuwansa jajur.

Ba ta kore shi ba. Ta tsayar da shi gaban masu binciken, ta ce ya nuna musu duk hanyar da waya ke sharara ƙarya. Ashe goma sha ɗaya ya sani. Bayan wata biyu, da jerin hanyoyin nan nasa suka gane cewa wata alamar da suke shirin bugawa a mujalla ta bogi ce, wannan karon ba hannunsa a ciki. Suka janye kafin su ji kunya. Sunansa ya fito na huɗu a takardar da suka rubuta kan kuskuren, an ma tsallake harafi ɗaya a sunan. Bai damu ba, ya aika wa ƙanwarsa kwafi uku. Da bazara ya yi ritaya, ya koma ƙauyensu a yankin Friesland yana kiwon zuma.