Bukar, Ga 'Yarka Ta Ƙi Rubuta Abin da Ba Ta Gani Ba

Shekara bakwai ke nan da aka fita da ɗana Bukar a makara daga gidan nan namu na Fagge. Shekara bakwai, uwa tana zaune, ɗa yana kwance. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Ni ban yi boko ba, saboda haka baki nawa ne, hannu na 'yarsa Falmata. Ina faɗa tana rubutawa. A da, in na ce ga ta nan ga ta nanku, yara ne ke amsa mini a tsakar gida. Yau manya nake so su amsa, domin wannan ba tatsuniya ba ce, kuma babu Gizo a cikinta.

Bukar malamin kemistiri ne a wata sakandare da ke Sabon Gari. Ranar da na tambaye shi mene ne kemistirin nan, sai ya ce, "Iya, sanin abin da ke faruwa ne idan wani abu ya haɗu da wani." Na ce ashe girki ne. Ya yi dariya ya ce girki ne, amma wanda ba a ɗanɗanawa.

Duk sa'ad da aka koma makaranta ya karɓi sababbin ɗalibai, madafata ce ke shan wahala. Zai kwashe mini kanwa, ya ɗebi toka a murhu, ya tsinci tsamiya da lemon tsami, ya ƙulle zoɓo a leda. In na yi faɗa sai ya ce, "Iya, yi haƙuri, yaran mutane ne za su buɗe ido." Dokokinsa ga sabon aji ba su da yawa, har ni na haddace su don yawan ji. Kada a ɗanɗana komai. Kada a kai hanci bakin kwalba. Kuma kada a rubuta abin da ido bai gani ba. Wannan ta ƙarshe ita ce babba a wurinsa. Yakan ce yaro ya rubuta kuskuren da ya gani da idonsa ya fi masa daidai ɗin da ya kwafa.

Wata rana ya nuna mana a nan gindin rijiya. Ya tsiyaya zoɓo a kofunan gilashi, ya ɗiga ruwan tsamiya a ɗaya, sai ya ƙara ja wur. Ya ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, sai ga shi ya rikiɗe ya koma kore mai duhu kamar miyar kuka. Falmata tana kan cinyarsa, ba ta kai ta ɗaura ɗankwali da kanta ba, ta yi ta tafi tana cewa a sake. Ya sake. Ya yi ta sakewa har zoɓon ya ƙare.

To, kwanci-tashi, bana Falmata ta shiga ajin kimiyya, ajin da ake fara kemistiri, a wata makarantar daban a Sabon Garin. Burinta ta zama mai haɗa magani. Makon farko ta dawo da takardar abin da ake bukata: farar riga mai dogon hannu, tabarau na roba don kare ido, babban littafi, da littafin aikin gwaji. Baffanta Modu, mai sayar da yadi a kasuwar Kwari, ya saya mata duka. Ta sa rigar ta tsaya a gabana, na ga Bukar tsaye, na juya fuska don kada ta ga hawayena.

Rigar nan har yau tana ninke a jaka. Ɗakin gwajin makarantar a kulle yake. Malama ce ke zana kwalba a allo, ta zana wata kwalbar tana tsiyaya a cikinta, sannan ta faɗi launin da ruwan zai koma, yara su kwafa. A littafin aikin kuwa akwai gurbi da aka rubuta a samansa, abin da na gani. Ajin duka suka cike gurbin. Falmata ta bar nata fari fat.

Aka ba ta sifili. Mako ya zagayo ta sake bari, aka sake ba ta. Kuma an faɗa musu tun farko cewa makin aikin mako-mako shi zai nuna wanda zai ci gaba da zama a ajin kimiyya idan zango ya ƙare. Wanda ya gaza, a mayar da shi wani ajin. Uwarta Yagana ta yi lallashi, ta yi faɗa. Ta ce, "Ke kaɗai ce mai gaskiya a Kano? Rubuta abin da aka ce ki wuce wurin!" Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce Babanta ya hana. Me za ka ce wa marainiyar da ta riƙe kalma ɗaya ta ubanta kamar igiyar guga?

Ni ce na ce bari in raba gardama. Na tambaye ta gwajin wannan makon na mene ne, ta ce ɗan'uwan kanwa ne ake zubawa a wani ruwa mai sauya launi. Na ce in dai wannan ne, ai a gidan nan aka haife shi. Na jiƙa zoɓo, na jiƙa kanwa, na ce ɗiga da hannunki. Ta ɗiga, ya koma kore. Ta ɗauki biro tana murmushi, karon farko ta cike gurbin nan, ta rubuta kore.

Garin gyaran gira sai na tsone ido. Ashe amsar da ake so ruwan hoda ce. Aka ja mata jan biro, aka karanta amsarta a gaban aji, yara suka fashe da dariya, har suka laƙaba mata Falmata mai miyar kuka. Ta dawo ta kwanta ko abinci ba ta taɓa ba.

Washegari na yafa mayafi, na zuba zoɓo a gora, na ƙulle kanwa a bakin zane, na hau adaidaita. Muka daɗe a cunkoson motoci a Bata, ni kuwa ina ta jera maganganun da zan zazzage wa malamar nan. Da na isa, sai na tarar da yarinya ƙarama, Malama Chioma, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar ta jikata, muryarta ta dushe don magana da aji mai cike har bakin ƙofa. Ta ba ni kujerarta ta tsaya.

Na ce, "'Yar nan, kore muka gani ni da ita. Ko idona ne ya tsufa?"

Ta kalli gorar, ta kalli ƙullin kanwa, ta ce, "Mama, idonki ƙalau. Zoɓo da kanwa kore suke bayarwa. Amma ruwan da ke cikin littafi ba zoɓo ba ne, wani ne daban, shi ruwan hoda yake komawa. Masu jarrabawa kuma shi suke tambaya."

Na ce to a nuna wa yaran na littafin mana.

Ta kama hannuna ta kai ni tagar ɗakin gwajin. Na leƙa. Kwalabe a jere babu komai a ciki, famfo babu kai, kujeru an kifa su a kan tebur, gizo-gizo ya yi saƙarsa daga wannan bango zuwa wancan. Ashe na yi ƙarya da na ce babu Gizo a labarin nan. Ta ce ta rubuta ta roƙa har ta gaji, kullum sai a ce mata ana nan ana dubawa. Ta ce, "Mama, ni kaina sai da na shiga jami'a na ga launin nan da idona. Na san abin da nake sa su yi. Amma in ban ba su amsar ba, su faɗi, wa za a kama?"

Faɗan da na ɗauko tun daga Fagge sai ya rasa inda zai sauka. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yanzu. Malama ba ta da laifi, yarinya ba ta da laifi, baffan da ya sayi riga ba shi da laifi. Kowa ya yi nasa, ɗaki kuma yana kulle. Wa ya sa a sayi tabarau don kare ido daga abin da ido ba zai taɓa gani ba? Wa ya buga littafi ya rubuta abin da na gani, alhali ya san ji kawai za a yi? Mu da ba mu yi karatu ba mun san gani ya kori ji. Yaya aka yi a gidan karatu ji ya kori gani?

Nakan zauna in ce da Bukar zai leƙo yau, me zai ce? Na san ba zai zagi Malama Chioma ba, domin shi ma ya sha koyarwa da aljihunsa da madafar uwarsa. Ina jin abin da zai ƙona masa rai shi ne a ɗauki yaro a shekararsa ta farko, ranar da ya fi kowace rana son ya sani, a fara koya masa shaidar zur. Yaron da ya saba rubuta na gani bai gani ba, gobe shi ne zai sa hannu a takardar magani, shi ne zai ce ya duba ginin gada, shi ne zai ce ya auna ruwan da za mu sha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa ga inda muke tanƙwara namu.

Kafin in taso, Malama ta sa aka kira Falmata. Ta ce mata daga yau ta riƙa cike gurbin haka: littafi ya ce ruwan hoda, ni ban gani ba. Ta ce in ta rubuta hakan za ta ba ta makinta, kuma ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Sannan ta juyo ta ce, "Mama, wannan gorar da kanwar, a bar mini su mana." Ranar Laraba ta jera kofuna a kan teburinta, ajin nan duka suka ga zoɓo ya koma kore. Falmata ta ce waɗanda suka yi mata dariya su ne suka fi kowa ihun a sake.

Zango ya ƙare, an kira sunaye. Falmata tana cikin waɗanda suka tsaya a ajin kimiyya, can wajen ƙarshe, da ƙyar kamar an zare gashi daga ƙullu. Na gode wa Allah. Amma kada mai karatu ya ɗauka an gyara wani abu. Ƙofar nan tana nan da kwaɗonta, rigar tana nan a jaka, littafin yarinyar kuma shafi bayan shafi ni ban gani ba, ni ban gani ba. Gorar zoɓo ɗaya ba za ta shayar da makarantun Kano ba.

Bukar bai bar gida ba, bai bar mota ba. Littattafansa ma ɗalibansa sun zo sun roƙa, mun ba su. Da nake auna abin da ya rage nasa a duniya, sai na ce wa Falmata ta rufe da cewa ubanta yana nan da rai a cikinta. Ta ɗaga biro ta dube ni ta ce, "Kaka, wannan fa ban gani ba."

Na ce ni na gani. Rubuta.