Kunun da Yake Hawa Katanga

Da Inna ta rasu, abin da Baffa ya fara bari shi ne cin abinci. Bai yi kuka a gaban kowa ba. Sai dai a ajiye masa kwano, ya buɗe, ya duba kamar wanda aka kawo wa sammaci, ya rufe. Kafin sadakar arba'in rigunansa sun fara rataya a jikinsa, shi da yake tela, wanda bai taɓa yarda riga ta yi wa mutum yawa ba. Tsoro ya kama ni sosai. Na binne uwa, ina kallon uba yana bin bayanta a hankali.

Lokacin ina koyarwa a Maiduguri, zamanin da ko takardar hutu mutumin Jimeta yake so sai ta je can an sa mata hannu. Na dawo gida da akwatina da wani littafi da na cika a makaranta da darussan girki: cokali kaza na wannan, kofi kaza na wancan. Ina ji da littafin nan. A ganina matan unguwarmu duk a duhu suke dafa abinci, ni ce aka aiko da fitila.

Ni 'yar fari ce, don haka a Yola na tashi wajen Goggo, yayar Baffa, kuma tsakanina da shi akwai kunyar nan ta ɗan fari, ko sunana ba ya kamawa. Amma wata safiya ya yi magana yana kallon bango, ya ce, "Da za a samu kunun gyaɗa irin na mai ɗakin nan, da an sha."

Na ce a raina, kunu kawai? Ai shafi na goma sha biyu ne. Na auna komai da cokali, na dama, na kai. Ya kurɓa sau ɗaya, ya ce, "Allah ya yi albarka," ya ture kwanon gefe. A gidanmu wannan addu'ar ita ce mafi munin sakamako.

Daga nan labari ya fita, masana suka taso. Ban taɓa sanin Jimeta na da malaman kunu haka da yawa ba. Macen da za ta ce "ban sani ba" a kan girki ba a haife ta a garin nan ba tukuna. Wata ta ce ɗanyar gyaɗa uwarki take niƙawa, da idona na gani. Wata ta ce ƙarya ne, sai ta ɗan soya ta sama-sama. Wata ta ce sirrin a garin shinkafa yake, wata ta rantse gero ne. In na tambayi nawa zan zuba, amsar ɗaya ce: "Ɗan kaɗan, yadda hannunki ya ba ki." Hannuna kuwa alli ya sani.

Na shiga mota har Yola wajen Goggo. Ta saurare ni tana taɓe baki, ta ce ai laifin gyaɗar kasuwa ce, sai ta ƙauyen Bako, wadda aka tono bana. Ta ƙara da cewa tsamiya ba a zuba ta kunu yana kan wuta, sai an sauke, in ba haka ba ya tsinke. Sannan ta rufe da cewa, "Uwarki dai ba ta iya komai ba sai kunun nan da miyar kuka, Allah ya jiƙanta." A wajen Goggo wannan yabo ne mai yawa. Na ɗauko gyaɗar Bako a ka, na yi yadda ta ce. Baffa ya sake sa mini albarka.

Mace ɗaya ce ba ta ba ni shawara ba, maƙwabciyarmu ta bayan katanga. Kirista ce daga kudancin lardin, mijinta malamin firamare, mu dai Maman Ticha muke ce mata. Tun kafin a haife ni suke zaune a nan. Ranar rasuwa ta fi kowa kuka, amma a zancen kunu ta yi gum, har na fara jin haushinta. Kowa ya kawo gudummawar ƙaryarsa, ita ko ɗaya ba za ta iya ba?

Wata safiya bayan asuba, Baffa yana masallaci, ina bayan madafi ina zubar da kunun jiya, sai na ji an ce, "Ke, zo nan." Kanta ne ya leƙo ta wani wuri da katangar ta ɗan rame, inda ƙasar ta yi sulɓi kamar an daɗe ana goga ta. Hausarta irin ta garin ce, mace da namiji duk ɗaya.

Ta ce, "Babanka zai mutu in ka ci gaba da wannan kunu."

Na ce, "Mama, to ki gaya mini yadda Inna take yi mana."

Ta ce, "Mamanka bai iya kunu ba. Ko sau ɗaya bai taɓa iyawa ba."

Na tsaya da ƙwarya a hannu. Ta ba ni labarin tana share ido da bakin zane. Inna tana amarya, safiyar farko da ta shiga madafi, kununta ya tsinke, ga dangin miji zaune suna jira. Ta tsaya a daidai nan tana kuka, maƙwabciya ta ji, ta miƙo mata nata. Baffa ya sha, ya yaba a gaban Goggo, ya ce bai taɓa shan irinsa ba. To wa zai koma ya warware wannan? Kuma a unguwarmu ba a mayar wa mutum kwanonsa wayam, sai Inna ta zuba miyar kuka ta mayar. Ticha, mijin maƙwabciya, ya ci, shi ma ya ce matarsa ta fi matan duniya. Shi ke nan, shekara ashirin da wani abu kunu yana hawa katanga da safe, miya tana hawa da yamma, maza biyu kowa yana cika baki a majalisa da hannun matar wani.

Na ce, "Me ya hana ki aiko tun tuni?"

Ta ce, "In na aiko ta ƙofa zai gane. Na yi wa mamanka alkawari. Kullum ina damawa na gida biyu, in tsaya a nan, ba wanda ya zo karɓa."

Ta miƙo kwano cike da kunu. Namu ne, mai fure ja, wanda na yi ta nema a cikin kayan Inna ban gani ba. Yana wajenta tun daren ƙarshe da miya ta haura.

Baffa ya dawo, na ajiye masa. Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Bai sa mini albarka ba, sai da ya ga ƙasan kwanon. Sannan ya ce da bango, "Ashe ana iyawa, aka bar mutum da yunwa." Na sunkuyar da kai na karɓi yabon ba kunya, kamar yadda uwata ta yi ta karɓa. Na koma madafi na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ban koma Maiduguri ba, na nemi canji zuwa wata makaranta a gida. Da yamma nakan buɗe littafina, in auna kuka da daddawa da cokali, in miƙa ta katanga. Maman Ticha ta karɓa ta ce ta gode. Ticha dai bai ƙara ƙiba ba, amma awakinta sun yi kyau a shekarun nan.

Baffa ya ƙara shekara shida yana shan kunun matarsa. Ranar da ya rasu, da safe, kwanon ya hau katanga kamar kullum. Na karɓa, na kasa gaya mata, na tsaya riƙe da shi har ya huce.