Zanen da Dodo Ya Lashe

Ina ɗan shekara goma sha biyar, muna zaune a Rikkos, jarrabawar aji uku ta tunkaro ni. Karatu kam ina yi. Amma da an ajiye takarda a gabana sai tafin hannuna ya jiƙe duk da sanyin Jos, kaina ya zama fanko. Na riga na faɗi sau ɗaya. Baba ya ce in na ƙara, ni da makaranta sai dai hange.

Saura mako biyu, bayan Magariba, muna kewaye da kaskon gawayin Kaka, ina rungume da littafin kimiyya, jikina na ɓari.

"Maigidana," in ji ta, "sanyi ne ko tsoro? Rufe littafin nan. Ga ta nan, yau daga ƙasan ruwa ta fito."

A Bukuru Kaka ta yi ƙuruciya tana ɗaukar kwanon kuza, shi ya sa dodanninta duk a tsofaffin ramukan da ruwa ya cike suke zama. Ta ce wata yarinya ta je wanki, Dodo ya ja ƙafarta zuwa kogonsa. Ya jera 'ya'yansa goma sha biyu, ya faɗi sunayensu sau ɗaya tak. "Gobe ki maimaita. Kika rasa ɗaya, ke ce kalacinsu." Yarinya ta tsinci gawayi, ta zana kowanne a bango tana kiran sunansa, wannan mai yagaggen kunne, wancan mai haƙori ɗaya. Gari na wayewa Dodo ya ga zanen, ya lashe bangon tas.

Ƙanwata ta ƙanƙame ni.

"Ya cinye ta?" na ce.

Kaka ta ce, "Bakin yarinyar ya bushe. Sai yatsanta ya fara yawo a iska. Ya zana kunne, suna ya fito. Haka har na ƙarshe."

Ta miƙo mini gawayi. "Zana mini zuciyar nan ta littafinka a ƙasa." Na zana ɗakunanta huɗu ina kiran sunayensu. Ina gamawa ta sa jiƙaƙƙen tsumma ta goge.

"Haba Kaka!"

"Ni ce Dodo. Sake."

Kullum haka, har ranar ta zo. Tsoron ma ya zo, bai fasa ba. Na ɗora yatsa a kan benci ina zane. Sai ga malami a kaina.

"Kai! Me ka ɓoye? Buɗe hannunka!"

Na buɗe. Ba komai sai baƙin gawayi a ƙarƙashin farce. Ya wuce, na ɗauki biro.

Na ci jarrabawar. Yau kayan mota nake sayarwa, kuma har yanzu gabana yakan faɗi in zan shiga babban ciniki. Na daina jiran tsoro ya tafi kafin in fara aiki; Kaka ba ta taɓa cewa Dodon ya mutu ba. Jiya 'yata ta zana mini zuciya, kyakkyawa, da fensirori masu launi. Na yaba, na ninke takardar, na sa a aljihu.

"Haba Baba!"

Na ce, "Sake."